Gaisuwar da Na Ƙi Kaiwa

Ban taɓa son tsohuwar nan ba, kuma ba zan ƙirƙiro mata so yanzu don ta mutu ba. Ita ma ba ta so ni ba. Ranar da kamfanin da ke tura mu jinyar tsofaffi ya aike ni gidanta a Summerfield, nan Amurka, ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi, ta juya ta tambayi 'yarta a gabana, "Wannan ta iya dafa shayi kuwa?" Na ce na iya, tun ina yarinya nake dafa shi. Ta ce za mu gani. Na dafa na kawo, ta kurɓa sau ɗaya ta ture kofin, ta ce ruwan wankin kwano ne. Da haka muka fara, kuma da haka muka ci gaba.

Aikin bai da wuya in ban da bakinta. Da safe in bar ɗakina a bayan titin Wendover, in tuƙa har inda gidaje suka fara nisa da juna, inda dawaki ke tsaye cikin ciyawa an lulluɓe su da bargo kamar masu jego. In yi mata wanka, in sa mata kaya, in ba ta magani, in dama mata abin karin kumallo. 'Yarta, wadda za mu yi sa'a da ita, tana zaune a babban gidan da ke can ƙarshen filin, ita ce mai dawakin. Ni abin da ya riƙe ni a gidan ɗaya ne. Ranakun aikin sun bar mini ranakun makaranta. Ban shiga lakwal, wato makarantar boko, ina ƙarama ba, sai da furfura ta fito mini na fara riƙe fensir a ajin manya, kuma a lokacin saura mini zango ɗaya in zauna jarrabawar da na yi shekaru ina bi. Duk wanda ya yi aikin nan ya san samun gidan da lokacinsa ya dace da naka ba ƙaramin abu ba ne.

Tsohuwar ta haura casa'in. A Ireland aka haife ta, ta zo ƙasar nan tana budurwa ta yi aikatau a gidajen masu kuɗi can arewa, ta yi aure, mijin ya mutu, 'yar ta kwaso ta ta kawo nan. Amma in ka ji tana magana sai ka rantse jiya ta sauka daga jirgi. Wurin da ta fito ba gari ba ne, ba ma ƙauye ba ne. Da bakinta ta ce wani yanki ne na gonaki da aka raɗa wa suna, ba kasuwa, ba coci, ba mai gari, daga gada zuwa gindin tsauni shi ke nan. A wurinmu tunga za a kira shi. Sunan kuwa kamar mai kakin majina, na gwada faɗa sau ɗaya ta yi mini dariya har da tari, ban sake ba.

Kullum ina taje mata kai tana ƙirga gidajen wurin. Ba mutane take ƙirgawa ba, hayaƙi take ƙirgawa. Ta ce a can in kana son sanin yawan jama'a, sai ka hau tudu da safe ka duba rufin da hayaƙi ke tashi. Wata baƙar ƙasa suke yankowa a fadama, su shanya ta bushe, su hura wuta da ita, kuma akwai gidajen da wutarsu ba ta taɓa mutuwa ba tun zamanin kakanni, da dare a rufe ta da toka, da safe a tone. Ta ce a zamanin kakar kakarta, in ka tsaya a tudun nan hayaƙi ya hana ka ganin tsaunin. Sai cuta ta kama dankalin turawa, wanda shi kaɗai ne abincinsu, ya ruɓe a cikin ƙasa. Wasu suka mutu a bakin hanya, wasu masu ƙasar suka yaye musu rufi suka kore su don ba su biya haya ba, saura suka shiga jiragen ruwa. Bayan yunwa ta wuce ma tafiyar ba ta tsaya ba. Babban ɗa ya gaji gona, sauran kowa ya kama hanya, wasu Ingila wajen aikin gini, wasu nan. Aka rufe makarantar da ta yi don babu yara. Aka dasa itatuwan katako a gonakin da aka bari, suka yi duhu suka haɗiye kangaye. Da ta tashi, yatsun hannu biyu ba sa isar ta ƙirga. Lokacin da na san ta, hannu ɗaya ya ishe ta har da saura.

Tana faɗin sunan kowane gida, da wanda ya mutu, da wanda ya tafi, da wanda ya haukace, da wanda ya auri 'yar wani addini aka daina gaishe shi. Kan nawa ya yi zafi wata rana na ce, "Madam, ke a bakin kakarki kika ji yunwa. Ni na tona gidan tururuwa da hannuna ina neman hatsi. Ki bar ni in gama tajewa."

Ta ce, "To me ya hana ku zama ku gyara ƙasarku? Kun zo kun cika gari, in an kai ni asibiti ba na jin abin da kowa ke faɗa."

Na ce, "Ke a nan aka binne cibiyarki?"

Ta ce nata daban ne. Na tambaye ta ta ina ya bambanta. Ta ce ina ja mata gashi.

Hayaƙi ɗaya a cikin waɗanda suka rage na gidansu ne. Ƙaninta ne a ciki, tsohon tuzuru da bai taɓa aure ba, shi da tumaki da kare. Duk Lahadi in ya dawo daga cocin garin da ke kusa da su sai ya kira ta. Ina jinsu daga kicin, don dukansu kunne ya yi nauyi, ihu suke yi wa juna. Ba wata hira ba ce. Ruwan sama, kuɗin rago, wa ya kwanta asibiti. Ta ce masa ƙazami, ya ce mata Ba'amurkiya. In ta ajiye waya sai ta yi kwana biyu tana maimaita mini abin da ya ce, tana zaginsa, fuskarta na sheƙi.

Wata Litinin, ganye ya fara ja a kan itatuwa, na tarar da 'yar tana jirana a bakin mota da takalmin barga a ƙafarta. Ta ce kawunta ya mutu. Maƙwabci ne ya ga gari ya waye babu hayaƙi a rufinsa, ya je ya tarar da shi a kujera. Za a binne shi a makon nan, ba wanda zai je daga nan. Na ce Allah ya ba su haƙuri, na tambaya wa zai faɗa wa Madam.

"Ba wanda zai faɗa mata," in ji ta. "Zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ranar Lahadi in ta yi barcin rana ta tashi, ki ce ya kira tana barci, yana gaishe ta. Shi ke nan, ba wani abu mai wuya ba ne."

Ta faɗe shi kamar tana gaya mini inda aka ajiye sabulu. Ba ta san wa take gaya wa ba.

Ni an taɓa yi mini haka. Shekarata ta biyu a ƙasar nan ina da ciki, inna ta rasu a gida. Yayana ya tara dangi ya ce kada a faɗa mini sai na sauka lafiya. Na sauka, ba su faɗa ba, wai sai na yi arba'in. Na yi arba'in, kunya ta kama su. Duk kiran da na yi sai a ce ta tafi ƙauye wajen ƙanwarta inda babu waya, tana gaishe ni. Ni kuma in ce ina amsawa. Na aika mata turmin zane da man zafi don gwiwarta. A wajen wani suna a nan Greensboro, ina tsakiyar cin shinkafa, wata baƙuwa da ta zo daga garinmu ta dafa kafaɗata ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan inna, mun je sadakar arba'in." Da faranti a hannuna na ji mutuwar uwata, a cikin mata masu guɗa. Ranar da na samu yayana a waya na ce, "Yaya, ka sa na yi wata da watanni ina amsa gaisuwar wadda ke kabari." Ya ce don lafiyata ya yi. Har yau muna gaisawa da sallah, iyakarmu ke nan.

Gaisuwa amana ce. In mutum ya ce ki gaishe da wance, kin ɗauki kaya, sai kin sauke. Wanda ya mutu bai ba ni saƙo ba, ban ga yadda zan ƙirƙiro masa ba. Na ce wa 'yar ni ba zan faɗi mutuwar ba tunda ba dangina ba ne, amma gaisuwar ta kai da kanta. Ta kalle ni kamar doki ne ya yi mata magana, ta ce to.

Haka aka yi. Duk Lahadi da yamma ta shigo da fara'a ta ce kawu ya kira babban gida, yana gaisuwa, tumaki lafiya. Tsohuwar ta ce wawa ne, ya san lambarta, me ya kai shi can. Da abin ya ƙi ƙarewa aka ce iska ta tsinke musu waya. Daga baya aka ce kunnensa ne ya toshe gaba ɗaya. Sai tsohuwar ta daina barcin rana ranar Lahadi. Ta sa in zaunar da ita a kujerar bakin taga, in ɗora mata wayar a cinya. Kai na rinjayarta tana fizgowa, tana tsunkulin hannunta don kada ta yi gyangyaɗi. Ganye ya gama zuba, sanyi ya shigo, tana nan a kujerar. Da safe kuma in ina taje mata kai ta ƙirga hayaƙi, ta lanƙwasa yatsa ta ce, "Namu."

Na kai maganar wajen wata Hajiya da ta riga ni shiga aikin nan, bayan sallar Juma'a muna neman takalma. Ta ce, "Ke dai bakinki ne zai kashe ki. Uwarki ce? Addininku ɗaya? Ki yi shiru ki gama makarantarki. In suka kai ƙararki ofis, gidan da za a ba ki sai kin gwammace zaman gida." Na ce na ji, Hajiya. Gaskiya ta faɗa, kuma na yi niyyar bi.

Lahadin da abin ya faru, 'yar ta tafi da dawakinta wata gasa a wata jiha. Da hantsi ta kira ni daga hanya ta ce yau ba makawa ni zan kai gaisuwar, kuma in ƙara da cewa an sa masa abin ji a kunne, ya kusa fara kira. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Bayan azahar barci ya ci ƙarfin tsohuwar a kujera, wayar na cinyarta. Da ta farka ta ga rana ta karkata, sai ta fara lalube kamar wadda aka yi wa sata.

"Ya kira?"

Ina ninke tawul, ban ɗago ba.

"Ke nake tambaya. Ke ba ki iya ƙarya ba, ba ki da tarbiyyar da za ki iya. Ya kira ko bai kira ba?"

Na ajiye tawul ɗin. Na cire rigar aiki, don ba a faɗin mutuwa da kayan wanke-wanke a jiki. Na jawo ƙaramar kujera na zauna ƙasa da ita, na ce, "Madam, ƙaninki ya rasu. An binne shi. Allah ya ba ki haƙuri."

Wayar ta jefo mini, ta same ni a nan gefen ido. Ta ce maƙaryaciya, 'yar daji, daga zuwana ta san da mugunta na shigo gidanta. Na bar ta ta zage ni son ranta, idona na kan ƙirjinta da leɓenta, kwalbar maganin zuciya na cikin tafina. Leɓen bai canza launi ba. Da numfashi ya ƙare mata sai ta ce, "Yaushe?"

"Tun ganye na kan itace."

Ta juya ta kalli waje. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta fara ba da umarni da wata murya da ban san tana da ita ba. In tsayar da agogon bango. In buɗe taga. In rufe madubi da zanen gado. In fito da kofunan da ke cikin kabad ɗin gilashi, waɗanda ba a taɓa bari na taɓa ba. Na ce ana sanyi, za ta kamu da mura. Ta ce in buɗe. Na buɗe. Ta ce in ɗauko kwalbar giya a bayan gwangwanin fulawa in zuba mata. Na ce wannan kam ba da hannuna ba. Ta ce ko a ranar mutuwa sai na nuna mata ni waliyiya ce. Na tura keken guragun da take zaune a kai har gaban kabad ɗin, ta ɗauko da kanta, ta zuba rabi a kofi rabi a siket.

"Zauna," ta ce. "Mutum ɗaya ba ya zaman makoki. Ba don ina son ganin fuskarki ba ne, babu kowa ne."

Na zauna. A nan ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba ni ba duk surutunta. Ta ce a wurinsu, a wancan zamani, in mutum zai tafi Amurka sai a yi masa zaman makoki yana raye, don an san ba za a sake ganinsa ba. Daren da za ta tafi duk gidajen suka taru a ɗakinsu, aka yi goge aka yi rawa, aka sha shayi, can uwarta ta kama ta tana kuka tana kiran sunanta yadda ake yi wa gawa. Ƙanin nata yana ƙarami, barci ya kwashe shi a ƙarƙashin tebur. Da gari ya waye shi ya ɗauki akwatinta a ka har gada, ya ajiye, ya juya da gudu bai ce mata komai ba.

"Ya zauna makokina," ta ce. "Ni an hana ni zaman nasa. Ina nan ina zaginsa don bai kira ba."

Daga nan ta shiga ba da tarihinsa, kuma ba ta yi masa ado ba. Marowaci ne, riga ɗaya yake sawa daga kaka zuwa bazara. Ya nemi wata yarinya shekara da shekaru bai iya buɗe baki ba har ta tafi Ingila. Ya taɓa faɗa da maƙwabci a kan katangar duwatsu, suka daina magana har gashinsu ya yi fari, da na ce mata maƙwabci ne ya tarar da gawarsa ta ce ai shi ne. Ta yi dariya, ta share hanci da hannun riga. Lokacin la'asar ya yi, na shimfiɗa ɗankwali a lungu na yi sallata, ranar kaɗai ke nan da ba ta yi tsaki ba. Da na idar ta sa na nemo lambar maƙwabcin na buga mata. Ta tambaye shi wa ya ɗauki makara, wa ya karɓi kare, an sa shi kusa da uwarsu ko kusa da ubansu. Ta tambaya ko an rufe gidan. Na ga ta gyaɗa kai, ta miƙo mini wayar ba ta dube ni ba.

Da magariba 'yar ta dawo. Ta shigo ta tarar da taga a buɗe, madubi a rufe, ɗaki na warin giya, uwarta na zaune da bargo biyu. Ba ta tambayi kowa ba, ta gane. Ta juyo kaina fuskarta ta yi ja kamar gauta.

"Na ce miki zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Kin so ki kashe ta? Wa ya ba ki izini? Ɗauki jakarki ki fita mini daga gida."

Na ce, "Ga ta nan a zaune, ki tambaye ta ko ta mutu."

Tsohuwar ta ce wa 'yarta gobe da safe ta kira fada, limamin cocinsu, a yi wa mamacin addu'a a coci da sunansa, kuma a kai ta ko a kan gadon asibiti ne. Ta ce, "Kin sace mini jana'izar ɗan'uwana, ke da na haifa." 'Yar ta fashe da kuka tana cewa don ke na yi, Mama. Na san wannan magana, na taɓa jinta da Hausa.

Kada wani ya ɗauka tsohuwar ta tsaya mini. Da 'yar ta sake nuna mini ƙofa, abin da ta ce kawai shi ne, "Ki bari ta wanke kofunan tukuna." Na ɗauki jakata na bar musu kofunansu a kan tebur.

Abin da Hajiya ta faɗa shi ya faru. Aka kira ni ofis, wata yarinya da ba ta kai 'yata ba ta karanta mini dokar aiki, ta ce na saɓa umarnin iyali. Ba su kore ni ba, don ba su da isassun ma'aikata. Suka tura ni wajen wani tsoho a McLeansville mai tofa abinci, a ranakun da ajinmu ke zama. Zangon nan ya wuce ni, jarrabawar ta wuce ni, sai da shekara ta zagayo na zauna ta tare da waɗanda na riga shiga aji. Na ci, amma shekarar nan ba wanda ya biya ni ita, kuma a shekaruna ba a zubar da shekara a ce ba komai.

Tsohuwar ta ƙara ganin sanyi biyu kafin ta tafi, kuma ba zuciya ce ta kashe ta ba, faɗuwa ta yi a banɗaki. Ba ta taɓa aikowa a kira ni ba. Wadda aka tura gidan a madadina, wata 'yar Kumasi mai sanyin hali, mun taɓa haɗuwa kafin rasuwar a shagon da muke sayen garin masara. Na tambaye ta ya Madam. Ta ce tana nan da bakinta, an kai ta coci an yi addu'ar, ranar Lahadi kuwa tana cin abinci take barci har yamma, sai an tashe ta shan magani.

"Ta ba ni saƙo ma, Anti," ta ce, tana sunkuyar da kai. "Ta ce in na gan ki in ce ki mayar mata da ƙaramin cokalinta na azurfa."

Na ce ta gaya mata ban ɗauki cokalinta ba, ta duba ƙarƙashin kujerar da take zama, nan take zubar da komai.